Darasin Jinin Zomo a Zauren Mahaifina

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu na Tambuwal wannan yana nufin mahaifina ba ya kiran sunana. Idan yana so a gaya mini wani abu, sai ya gaya wa ƙanena ko da ina tsaye a wurin. Idan na durƙusa na gaishe shi, yakan amsa idonsa na kan littafin da ke gabansa. Kunya ce irin wadda iyaye ke yi wa ɗan fari, kowa ya san haka, ni ma ban taɓa ɗaukarta ƙiyayya ba. Da aka yaye ni sai aka kai ni Kebbe wajen kawuna, ƙanen mahaifiyata. Can na tashi, can na yi makarantar allo da firamare. Kawu manomi ne mai yawan magana da dariya. Ni kuwa na fito shiru-shiru, har yakan ce duk maganar da aka rubuta wa gidan shi ya cinye ta, bai rage mini komai ba.

Abin da Allah ya ba ni shi ne hadda. Tun ina riƙe da allo, in na maimaita abu sau kaɗan ya zauna. Da ita na ci firamare, da ita na ci sakandare, da ita kuma na shiga jami'a a shekarun da kuɗin mai ke shigowa, Jihar Sakkwato tana sabuwa, ana neman duk yaron da zai karanta kimiyya. Na shiga sashen da ke nazarin sinadaran da ke aiki a jikin masu rai. A lokacin mujallun bincike na zuwa ɗakin karatu sababbi fil daga ƙasashen waje, wasu ma ni ne nake fara buɗe su. Ina son wurin. Ba mai tambayata komai sai takardar jarrabawa, ita kuwa ba ta kallon mutum a ido.

A shekarar ƙarshe abin ya sauya. Dole kowane ɗalibi ya tsaya gaban malaman sashe ya yi bayanin wani batu da bakinsa, su yi masa tambayoyi. Wanda bai ci wannan ba, ba shi da digiri a shekarar, sai ya maimaita aji. Malamar da ke kula da ni, wata dattijuwa 'yar Indiya, ta ba ni batun yadda jajayen ƙwayoyin jini ke tsayar da ƙera furotin idan wani abin da suke bukata ya yi ƙaranci. Sabon bincike ne a lokacin. Na tattara takardun, na rubuta jawabina, na haddace shi tun daga kalmar farko har ta ƙarshe.

Kafin hutun bazara ta shirya mana gwaji a gaban 'yan ajinmu. Na fara lafiya, ina zubo shi ba tuntuɓe. Ina tsakiyar shafi na biyu ta ɗaga hannu ta ce, "Dakata. Me ya sa ƙwayar za ta so ta daina?"

Na tsaya. Amsar ba ta cikin jimlar da ke biye. Da na nemi ci gaba sai na ga zaren ya tsinke. Sai na yi abin da duk mai hadda ke yi idan aya ta ɓace masa: na koma farko na sake ɗaukowa, har da gaisuwar da na buɗe da ita. Ajin ya fashe da dariya. Na sake isowa daidai wurin, ta sake yin tambayar, na sake tsayawa. Daga nan ta ce in zauna.

A ofis ta ce mini, "Ka san kowace kalma, amma ban tabbata ka san zancen ba. Bayan hutu malamai duka za su zauna, kuma za su katse ka fiye da yadda na yi. In haka ta sake faruwa, ba abin da zan iya yi maka."

Da aka ba da hutu ban tsaya Tambuwal ba sai don gaisuwa, na wuce Kebbe. Kawu yana sharar gona, ana jiran ruwan farko. Ya lura ba na cin abinci sosai. Ya matsa mini har na gaya masa. Ya yi dariya har ya ajiye gatarinsa.

"Wato kak koma ga bismilla gaban Turawa?"

"Ba Baturiya ba ce, Kawu, 'yar Indiya ce."

"Duk ɗaya na. To mi taka son ka yi?"

Na ce tana so in yi zancen kamar na san shi, a katse ni in amsa, in ci gaba.

Ya ce, "Ni dai ban da ilimin ga. Amma na san mutum guda da ba ya da aiki sai katse mutane. Shirya, gobe mu tai Tambuwal."

Na gane wanda yake nufi. Mahaifina malamin zaure ne. Kullum bayan la'asar manya ke taruwa wurinsa da littattafan fiƙihu da nahawu, kowa da nasa, ana bin layi. Ban taɓa zama a cikinsu ba. Na roƙi Kawu ya bar zancen, ya ce babur ɗinsa ya riga ya sha mai.

Muka same shi a zaure ɗalibai sun watse. Na zauna daga bakin ƙofa. Kawu ya ba da labarin duka, har da ƙari, yana cewa "yaron ga" kamar ba na nan. Mahaifina ya saurara bai dube ni ba. Da Kawu ya gama, sai ya ce wa Kawu, "Shi taho da littafin nai gobe bayan la'asar. Shi bi layi."

Ga yadda karatun zaure yake. Ɗalibi ya matso gaban malam ya karanta Larabcin gaɓa-gaɓa, malam yana fassara masa kowace gaɓa da Hausa, shi yana cewa na'am. Ba a wuce gaɓa sai ta zauna. Sauran ɗalibai suna ji, kuma ba a hana su sa baki. Ni nawa ya zo a juye, domin mahaifina ba ya jin Turanci. Da layi ya zo kaina, bayan wani tela mutumin Jabo wanda ya girme ni nesa, na matsa na buɗe takarduna.

Mahaifina ya ce, "Bismilla, malam. Ja baƙin, ka ba mu ma'ana da kanka. In mun ji, mu ce na'am."

"Malam" yake ce wa duk wanda ya zauna a wannan buzun da ke gabansa. Amma ni wannan ne karo na farko da ya dube ni ya yi magana da ni kai tsaye, ba ta bakin kowa ba. 

Na karanta jimlar farko da Turanci, na tsaya. Hadda ba ta da amfani a nan, domin ba Hausar na haddace ba. Dole in nemo ta. Na ce ana ba zomo wani magani da ke rage masa jini, sai jikinsa ya yi ta fitar da sababbin jajayen ƙwayoyi waɗanda ba su gama nuna ba. Ana ɗibar su a fasa, ruwan cikinsu kuma ya ci gaba da ƙera furotin a cikin kwalba kamar bai san an fasa ƙwayar ba.

Tela ya ce, "Allah gafarta Malam, in tambaya? Zomon ga, in an ƙare, wa ka cin naman?"

Aka yi dariya. Mahaifina ya ce, "Bar shi. Na'am, malam. Mine ne furotin?"

Na yi shekaru ina rubuta kalmar, ban taɓa faɗinta da Hausa ba. Na dubi tasbahar da ke hannunsa na ce kamar ita ne: ƙananan ƙwayoyi ake jerawa a zare, ɗaya bayan ɗaya, bisa wani tsari da ke zuwa a rubuce, sannan zaren ya naɗe ya zama abin aiki. Wanda ƙwayar jini ke ƙerawa sunansa gulobin. Aikinsa ya rungumi wani ɗan abu mai ƙarfe a tsakiyarsa, ana ce masa hem, su biyun su ɗauki iskar da muke shaƙa su kai ta ko'ina a jiki.

"Ƙarfe, cikin jini?"

Na ce ƙarfe, kaɗan ƙwarai.

"Na'am."

A rana ta farko jimla kaɗan muka ci. Na fita zauren rigata ta jiƙe, ba don zafin bazara kaɗai ba.

Kwana kaɗan bayan haka muka iso wurin da na tsaya a gwaji. Na fassara cewa idan babu hem a cikin kwalbar, aikin yakan tafi na ɗan lokaci sannan ya tsaya cak, idan kuma aka zuba hem sai ya ci gaba.

Mahaifina ya ce, "Don mi za ya tsaya? Kac ce gulobin daban, hem daban. In babu ɗaya, mi ka hana a yi ɗayan a aje?"

Na sake karanta Turancin. Ya ce baƙin ya ji, ma'ana yake jira. Na koma kan layin ina nema. Ba wanda ya yi dariya, domin kowa a zauren ya taɓa maƙalewa a kan layi ɗaya. Ya rufe mini takardar da hannunsa a hankali ya ce, "Mu tsaya nan. Gobe." Na gaba ya matso.

Washegari ma haka. Na zo da dogon bayani da na haɗa daga takardu, ya saurara har ƙarshe ya ce bai ji ba, kuma ba zai ce na'am a kan abin da bai ji ba. Tela ya ce shi ya taɓa yin wata guda a kan babin gado, kada in damu, wurin zama na nan. Na ji haushi a ranar. Hutu yana tafiya, ni kuma ina kan jimla ɗaya.

Amsar ta zo mini ne ranar kasuwa, ina wucewa ta rumfar masu sayar da kayan noma. Na ga ƙotoci jingine, sai na tuna maƙwabcin Kawu a Kebbe, wani masassaƙi. Wata shekara ina yaro maƙerin garin ya rasa ƙarfe, shi kuwa masassaƙi ya riga ya sassaƙa ƙotocin fartanya tuli. Suka cika masa ɗaki, wasu suka tsage, gara ta ci wasu, matarsa tana ta faɗa ba wurin sa ƙafa. Tun daga shekarar ba ya sara itace sai ya ji ƙarar maƙera. Na koma gida da sauri na sake duba takardun. Abin yana nan a rubuce, na karanta shi sau da yawa ban gan shi ba: gulobin da bai sami hem ba ba ya zama lafiya, yakan dunƙule ya cushe ƙwayar ya lalata ta.

Da la'asar na ba da labarin masassaƙi. Mahaifina ya ce, "Na'am," ya ja ta da tsawo. Sannan ya ce, "To wa ka gaya ma masassaƙin ƙarfe ya ƙare? Kac ce ƙwayar ga ta yar da cibiyarta, inda umarni ka fitowa."

Gaskiya ne, na faɗi haka tun farko. Jar ƙwayar jini takan zubar da cibiyarta kafin ta gama nuna, saboda haka ba ta iya hana aiki daga tushe, sai dai a wurin ƙirar. Wannan karon na san amsar, kuma na ji daɗin saninta. Na ce kafin a fara jera kowane zare, akwai wani furotin da aikinsa kawai ya kawo ƙwayar farko ya ɗora ta a kan injin jerawa. In bai kawo ba, ba a farawa. Masu bincike suna kiransa da harufa da lamba.

"Wato shi ka yin bismilla," in ji mahaifina.

Na ce haka ne. Daga ranar kowa a zauren mai bismilla yake ce masa. Na ci gaba na ce akwai kuma wani mai suna kinas, aikinsa ya ɗauki wani ɗan sinadari da ake kira fosfet ya liƙa wa mai bismilla, kamar a ɗaure masa hannu. Muddin hem yana da yawa, yakan zauna a jikin kinas ya danne shi. Da hem ya yi ƙaranci, sai kinas ya sami sakewa ya je ya yi ɗaurinsa.

Mahaifina ya juya tasbaha. "Ashe ba manzo aka aikawa ba. Rashin abin shi na saƙon."

Tela ya tambaya ko zaren da aka riga aka fara jerawa ana watsar da shi ne. Na ce a'a, wanda aka fara ana gama shi, sabo ne ba a farawa. Ya ce to wannan kinas ɗin ya fi wasu masu kawo ɗinki hankali.

Akwai wurin da muka tsaya ba don laifina ba. Takardun sun nuna ba duka masu bismilla ake ɗaurewa ba, wani kaso ne kawai, amma aikin ya tsaya gaba ɗaya. Mahaifina ya ce in an ɗaure wasu, sauran fa, mi ka hana su? Na kwana ina nema, na dawo na ce masu binciken kansu ba su tabbatar ba, zato kawai suke yi. Na ɗauka zai ce mu tsaya nan. Sai ya ce, "To ka ce hakanan. Mu ma muna da mas'alolin da malamai sunka bari buɗe. Na'am, wuce." Bayan wasu shekaru aka gano dalilin: akwai wani mataimaki da ke sake shirya mai bismilla bayan kowace farawa, shi kuwa ba shi da yawa, sai ɗaurarrun su riƙe shi su hana sauran samunsa. Da na karanta wannan ina wurin aiki, na jira hutu na kai masa, na bi layi kamar kowa.

Muka sauke takardun ana saura kwana kaɗan hutu ya ƙare, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. A al'adar zaure wanda ya sauke littafi yakan kawo ɗan abin sadaka. Mahaifiyata, wadda ita ma ba ta kiran sunana, ta sa aka toya waina aka kai zaure ba tare da ta ce mini komai ba. Mahaifina ya yi addu'a irin wadda yake yi wa kowane ɗalibi, ba ƙari ba ragi. Da na zo sallama da safe, ya amsa idonsa na kan littafi, ya gaya wa ƙanena a ce Allah ya kiyaye hanya.

Ranar jawabin ban riƙe takarda ba sai alli. Malamai sun cika layin gaba, shugaban sashe a tsakiya, 'yan ajinmu a baya, na san wasu sun zo ne su ga ko zan koma farko. Na faɗi jimlar farko da Turanci, a hankali, na tsaya. Ɗakin ya yi tsit. Na ci gaba da tsayuwa. Ban san abin da nake jira ba sai da na ga malamata tana dubana da damuwa: na'am nake jira. Na saba har jikina ya ɗauka ba a wuce jimla sai an ba da izini.

Ta gyaɗa kai ta ce, "Eh, ci gaba."

Na faɗi ta biyu, na sake tsayawa. Ta sake cewa eh. Zuwa ta huɗu wani malami matashi ya karɓe ta, yana cewa eh yana danne dariya, daga baya ma 'yan baya suka shiga. Kunya ta kama ni, amma ba irin ta ranar gwaji ba, domin na san abin da zan faɗa gaba, kuma na san dalilin da ya sa shi ne gaba. Na zana ƙwayar a allo, na zana kinas da abin da yake ɗaurewa. Na ba su labarin masassaƙin Kebbe da Turancina na makaranta.

Shugaban sashe ya katse ni a tsakiyar wata jimla. Ya ce ƙarancin hem ne kaɗai ke jawo wannan ɗauri? Na ce a'a. Akwai wani kinas daban da ke farkawa idan ƙwayar cuta ta shiga, shi ma wannan furotin na farawa yake ɗaurewa, don kada cutar ta yi amfani da injin ƙwayar ta hayayyafa. Ya ce to me ya sa duk a wuri ɗaya? Wannan ba ta cikin takarduna. Na yi tunani a tsaye, suna jira, na ce ina ganin tsayar da aiki tun ba a fara ba ya fi sauƙin asara a kan tsayar da shi an yi nisa. Ya ce, "Ci gaba." Na ɗauko daga rabin jimlar da ya katse.

Na wuce lokacin da aka ba ni, har mai kula da agogo ya buga tebur. Ƙarshen jawabin a gurguje na yi shi, na bar wani zane ban yi bayaninsa ba.

Da yamma malamata ta kira ni ofis. Ta ce na ci. Makin ba na sama ba ne, an rage mini saboda lokaci da kuma murya, domin na layin baya sun ce rabin zancen da allo nake yi. Ta tambaye ni abin da na yi a hutu. Na gaya mata, na ce mahaifina ne, kuma ba ya jin Turanci ko kalma ɗaya. Sai ta ce in na je gida in gaishe shi, in ce wata malama tana yi masa godiya. Na ce zan gaya wa kawuna ya gaya masa. Ba ta gane ba, ni kuma ban san ta inda zan fara bayani ba.

Na fito na nufi ɗakin cin abinci. A wancan zamanin ana ba ɗalibai kaza, ranar kuwa ranar kaza ce. Na karɓi tirena, maimakon kusurwar da na saba na zauna a teburin 'yan ajinmu. Wani ya matsa mini, wani ya ce in sake yi musu bayanin kinas ɗin nan kafin jarrabawa, amma da sharaɗin su ba za su riƙa cewa eh ba. Na ce su bari in ci abinci tukuna.